Jakar Baƙaƙen Ƙyalle

Kakuri, Kaduna.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki Istifanus da abokina Ayuba. Allah ya kiyaye muku hanya, ya sauke ku lafiya, ya sa ƙasar da za ku ta karɓe ku. Na san za ki yi dariya, ki ce ga ƙofarmu ga ƙofarku a gidan haya ɗaya, me ya kawo wasiƙa? Dalili shi ne na san halina. In na dubi fuskarki zan ce to, alhali amsar da nake da ita a'a ce.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci kin zo kin zauna kusa da ni. Kika ce tunda masaƙa ta sallami Istifanus, kuma aikin gonar da ya samu can gaba da Kakau yake, inda makaranta ta yi wa ɗan shekara biyar nisa, ga rafi a tsakani in damina ta sauka, to mu riƙe Ayuba a nan ya shiga firamare. Na ce ki tafi da ɗanki ki koya masa da kanki, kafin ƙafarsa ta yi ƙwarin tafiya. Sai kika sunkuyar da kai kika ce, "Baba, ni da ban taɓa zama a aji ba, me zan koya wa wani? Nawa ai karatun tsakar gida ne."

Maganar nan ta hana ni cin tuwo ran nan. Kada ki zaci ba na son yaron. Uwarki ma tun da ta ji zancen ta fara gyara masa wurin kwana, wai za a bar mata maigidanta. Ni kuwa wa zai riƙa sace mini rabin ƙosai da safe in ya tafi? Amma in na karɓe shi a kan wannan dalilin, na yarda ke nan cewa abin da muka yi a tsakar gidan nan ba karatu ba ne. Wannan kuwa ko an ɗora mini wuƙa a wuya ba zan yarda ba. Saboda haka zauna ki ji yadda aka yi, don ke kina ƙarama, ba duka kike tunawa ba. Zan faɗa miki inda na yi tuntuɓe, don ke ki tsallake.

Lokacin da shan-inna ya taɓa miki ƙafa, sa'anninki suka fara wucewa makaranta da allunansu, ke kina bakin ƙofa kina binsu da ido. Ba wanda zai goya ki ya kai ki ya ɗauko ki, ni ina masaƙa, uwarki tana kan keken ɗinki. Na ce to, makaranta za ta zo gida. Ni kaina a ajin yaƙi da jahilci na koyi nawa, ina da gemu, don haka na ɗauka na san kan abin. Na samo rula, na zaunar da ke a kan benci, na ce ki naɗe hannu. Na fara da Turanci, don in an tashi yin abu a yi na manya. Ina rerawa kina amsawa, in kin kuskure in buga rula a benci. Kin haddace waƙar tsaf, har kina rera wa kajin uwarki, amma in na nuna miki baƙi ɗaya a tsakiya sai ki zuba mini ido. Har ta kai da kin ji ƙarar kekena na dawo daga aiki, sai ki ja jiki ki shige bayan randa.

Ran da na gan ki a bayan randar nan na ba uwarki rular, ta ci gaba da auna wuyan riga da ita. To, kada ki mai da ɗakinki aji. Kada ki ce masa naɗe hannu, ai hannun nan da shi zai koya. Ki fara masa da harshen da yake kuka da shi in ya faɗi, wato Hausa. Turanci ba gudu zai yi ba, yana nan yana jiransa. Kuma ki tsaya tun yana so, kada ki jira ya fara hamma. Kamar tuwo ne, wanda aka ɗura wa yau gobe ko ƙamshin miya ba ya son ji.

Sai kuma zancen littafi. Na tsallaka kogi na shiga cikin gari na sayo miki wani littafi mai hotuna, mai santsi, har ƙamshi yake. Don tsabar ƙaunarsa na kulle shi a akwatin katako tare da rigata ta coci. Sai ranar Lahadi nake fito da shi, in sa ki wanke hannu, sannan duk da haka ni ne mai buɗe shafi, ke kallo ne naki. Wata damina aikin obataim ya sha mini kai, na daɗe ban buɗe akwatin ba. Ran da na buɗe, bango kawai na ɗauko. Uwarki ta leƙo ta ce, "Baban Rifkatu, barka. Gara ta riga 'yarka gama littafin." Na yi fushi na kwana biyu, amma gaskiyarta ce. Duk abin karatun da kika samu, ki bar shi a inda hannun Ayuba zai kai. Ya shafa masa manja, ya kwana a kai, ya yaga gefe, ba komai. Gara ya tsufa a hannun yaro da ya ƙare a cikin gara.

Yanzu ga babban, wanda har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai a kan keke. Kin san a sashen buga zane nake a masaƙa, kuma akan sayar mana da ƙyallayen da suka fito da aibi, waɗanda muke kira rijet. Wata rana ina kallon tarinsu a gefen keken uwarki, sai dabara ta faɗo mini. Na samo kwali na yanka baƙaƙe da wasula manya-manya kamar tafin hannu, uwarki ta lulluɓe kowanne da ƙyalle ta bi bakinsa da ɗinki. Abu ya yi kyau, Rifkatu. Ba yaron da ke da irinsu a Kakuri, kai har Makera.

To amma ni mutumin masaƙa ne. Abin da aka fara koya mana shi ne ba a cakuɗa zane, kowane zane da dilarsa. Wanda ya haɗa biyu a dila ɗaya, ofis zai kwana yana bayani. Da wannan tarbiyyar na yi aikin. Duk wani "a" na yi shi da jan ƙyalle mai fure. Duk wani "b" da shuɗi mai tsuntsaye. Duk wani "k" da kore mai lema. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da rigarsa, ba wanda ya ari ta wani. Har ina yi wa uwarki faɗa in ta ɗauko ƙyallen da ba nasa ba.

Kai, sai ga ki kina gudu kamar ruwa ya samu gangare. In jera miki baba, ki faɗa. In jera kaka, ki faɗa tun ban ɗauke hannu ba. Kaina ya kumbura har hular aiki ta nemi ta ƙi shiga. A wurin cin abincin rana na ishi kowa da labarinki, har aka fara matsawa in na zauna. Wata Asabar da yamma na kasa daurewa, na je na janyo Malam Sani mai tireda, aminina na Makera, na tara matan gidan da 'ya'yansu, na shimfiɗa miki tabarma a tsakiya. Na jera, kika karanta. Na sāke jerawa, kika karanta. Mata suka yi guɗa. Malam Sani ya ce, "Masha Allah, Malam Bitrus, yarinya ta yi. Bari ni ma in ba ta nawa." Ya ɗauki gawayi daga murhu ya rubuta baba a ƙasa, ɓaro-ɓaro, daidai girman nawa.

Kika duba. Kika karkata kai kika ƙara dubawa. Sannan kika ɗago kika ce, "Baba, wannan ba shi da tsuntsu."

Ashe duk watannin nan ba baƙaƙe kike karantawa ba, atamfa kike karantawa. Tsuntsu, fure, tsuntsu, fure, shi ne baba. Uwarki ta sa bakin zane ta toshe dariya, ta ce, "Ai ni na yi mamaki. Tun makon jiya in maƙwabciya ta ɗaura korenta mai lema, sai yarinyar nan ta nuna ta ta ce ga 'ka' nan ta wuce." Ni ma na ji kin faɗi haka, har na yi dariya, ban gane kina nuna mini ramin da na haƙa ba ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malam Sani, Allah ya saka masa, ya goge rubutunsa da ƙafa ya ce, "Yarinyar da ta haddace zane ashirin da wani abu ba ta haɗa ɗaya da ɗaya ba, ai kanta yana ja. Gyaran na malaminta ne." Ya ja ni waje ya saya mini shayi.

Abin da ya fi kunyar ciwo shi ne da na dawo na same ki kina kuka a jikin uwarki. Kin ga fuskata ta canja a gaban mutane, kika ɗauka ke kika yi laifi. Daga nan ki ɗauki abu biyu. Na farko, kada ki tara wa Ayuba mutane. In kin ji alfahari ya cika miki ƙirji, kuma zai cika, ki shiga ɗaki ki gode wa Allah, ko ki jira Istifanus ya dawo gona ki juye masa. Yaro ba biri ba ne da za a kaɗa masa ganga a kasuwa. Na biyu, kada ki yarda da "ya iya" sai kin canja wa abin riga. Wanda ya gane baƙi a ƙyalle, ki nuna masa shi a gawayi. Wanda ya gane a gawayi, ki nuna masa a jikin gwangwani. Yara suna da wayon da ya fi namu, duk gajeriyar hanyar da ka bari a buɗe ta nan za su bi, kuma ba laifinsu ba ne.

Washegari na yi abin da ban taɓa yi a masaƙa ba, na cakuɗa dila. Muka farke wasu, muka ƙara yanka wasu, "a" ya sa rigar "b", "k" ya sa baƙin yadi, wasu muka bar su kwali tsirara. Kin yi fushi sosai. Kika ce na ɓata miki su, kika juya mini baya. Muka koma farko kamar ba a taɓa yi ba, kuma wannan karon tafiyar hawainiya muka yi. Na ɗebo yashi daga bakin kogi na zuba a tsohon faranti, kina rubutawa da yatsa kina girgizawa ya goge. Faranti ya fi allo a wajen mai koyo, don kuskure ba ya kwana a cikinsa. Na riƙa sa ki rufe ido ki laluba baƙi a cikin jaka, ki faɗi sunansa kafin ki fito da shi. A nan ne tsuntsu da fure suka daina yi miki amfani. Uwarki kuma ta daina zubar da gwangwanin madara da kwalin ashana da takardar da aka ƙunso ƙosai, duk suka zama kayan aiki, kina farautar baƙin da na ce ki nemo. Kada ki ce ƙauye ba kayan karatu. Buhun taki akwai rubutu, kwalin sabulu akwai, littafin waƙoƙin cocinki akwai, ƙasa kuwa ga ta nan har inda idonki ya tsaya.

Saura kuskure ɗaya na wancan lokacin, shi kuma tsoro ne. Na riƙe ki a cikin gida saboda ba na son a kalli ƙafarki. Na ce wai kare ki nake. Uwarki ce ta ce, "Kai ne kake jin kunya ko ita? Fitar da yarinya ta ga gari." Na ɗaura ɗan matashi a kan sandar keke, na ɗora ki, muka fara zagaya Kakuri in ina hutu. Ashe duk garin allo ne ban sani ba. Bayan motocin haya, ƙofar masu ɗinki, shagon mai gyaran rediyo. Ina nuna miki, kina haɗa baƙi da wasali a hankali, wani lokaci mota ta tashi da sauran kalmar ba ki gama ba, ki yi ta yi mata tsiya.

Wata rana mun biyo ta bayan tasha, ni ban nuna miki komai ba, hankalina yana kan ramukan hanya. Sai na ji kina magana ƙasa-ƙasa, kina jan kowace gaɓa. Na saurara. Can sai kika ɗaga murya yadda kowa zai ji, kika ce, "Baba! An rubuta an hana fitsari a nan, ga shi mutumin nan yana yi!" Na waiga, ga dogon bango, ga rubutu da jan fenti duk ya karkace, ga kuma wani ƙaton mutum ya ba mu baya. Ya juyo a fusace ya ce, "Oga, ka ja wa 'yarka kunne!" Ni kuwa ƙafata ta zame daga feda, saura kaɗan mu zube. Na ce masa, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, ci gaba da abinka. Karantawa ta yi! Ba wanda ya gaya mata, ita ta karanta!" Ya dube ni kamar mahaukaci. Ban damu ba. Na tura keken nan har gida da ƙafa saboda idona ya cika da ruwa, ba na ganin hanya. An ba ni takardar yabo a masaƙa, an yi mini ƙarin girma, amma ban taɓa jin daɗin da na ji a gindin bangon nan mai wari ba.

Wannan ita ce alamar da za ki jira. Ran da Ayuba ya karanta abin da ba ke kika sa shi ba, ran nan ya iya. Kafin ta zo za ki gaji. Akwai ranakun da abin da ya sani jiya zai ce bai taɓa gani ba, ki ji kamar ki jefa jakar a rijiya. In ta kai haka, rataye ta, ki ba shi labari kawai, gobe ma rana ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu bari in komo kan maganarki ta ranar Lahadi, don na san inda kika samo ta. A bakina kika ji ta. Duk baƙon da ya yaba karatunki, sai in kawar da kai in ce, "A'a, ɗan na tsakar gida ne kawai." Haka aka koya mana, mutum ba ya yabon nasa, kuma tun ranar Malam Sani na ji tsoron bakina. Ina faɗa da baki, ƙirjina kuwa kamar ya fashe. Ban lura kina gefe kina ji ba, kuma yaro abin da ya fito baki yake ɗauka, ba ya ganin na ƙirji. To yau na janye kawaicin, ki ji da kyau. Wa ke karanta wa duk gidan nan wasiƙunsu? Wa ke duba takardar asibiti ta gaya wa tsofaffi yadda za su sha magani? Wa zumuntar mata ta zaɓa ya riƙa karanta mata Littafi Mai Tsarki, alhali akwai masu satifiket a zaune? Da Istifanus ya kawo takardar sallamarsa, wa ya zauna ya bi ta layi-layi, har Turancin? Ke ce, 'yar benci da faranti. Ina alfahari da ke, Rifkatu, alfaharin da ban taɓa yi da komai ba a duniya. Ki yaba wa Ayuba a kunnensa, a fili, da kalmomin da zai gane. Kada ki jira sai kin yi furfura ki rubuta masa.

Kuma kin fi ni cancanta. Ni na koya da gemu, na manta yadda baƙi yake a idon yaro. Ke kin san yadda ake ji in an ɗauke wa mutum tsuntsunsa. Ba tica a garin nan da ya san wannan kamar ke. Ba wai na raina makaranta ba ne. In ƙafarsa ta yi ƙwari, ko aka buɗe wata kusa da ku, ki kai shi da gudu, yaro yana bukatar sa'anninsa. In ma a lokacin kin ga ya dawo nan, ni zan riƙe hannunsa har gaban hedimasta. Amma ya zo da karatun uwarsa a kansa.

Jakar da aka ba ki tare da wasiƙar nan, ki buɗe ta in kun sauka. Sababbi ne akasari, na yanka su tun ran da kika yi maganar, uwarki ta ɗinka tana mita, wai na haɗa baki da ke an raba ta da maigidanta. Ta yi kuka a kan keken, kada ki ce na faɗa miki. Na cakuɗa su sarai, ba biyu masu riga ɗaya. A ƙasa za ki ga tsofaffi guda huɗu, biyu shuɗi biyu ja, sun koɗe, kwalin ya yi laushi. Su kaɗai uwarki ta hana ni farkewa a wancan lokacin. Kada ki koya masa da su. Naki ne.

Abu ɗaya nake roƙo. Ran da ya karanta abin da ba ki sa shi ba, ki shigo mota ki kawo mini shi. Na riga na sāke ɗaura matashin a kan sandar keke. Bangon yana nan, na bi ta wurin jiya na duba. An sāke masa fenti, kuma har yanzu mutane ba su daina ba.

Ubangiji ya tsare fitarku da shigarku. Ya kiyaye ku daga sharrin hanya da ciwon damina, ya sa albarka a gonar Istifanus, ya ƙarfafa miki ƙafa, ya ba ki haƙurin da ni ban samu da wuri ba. Ki gaishe da maigidanki. Ki ce wa abokina na yafe masa ƙosan da ya ci, sauran kuma ina ajiye masa. Uwarki tana gaishe ku, ta ce kada ki bar shi ya fita ba riga da sassafe. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne mahaifinki, kuma malaminki na farko,
Bitrus.